Rediyon Baba Lafiyarsa Ƙalau

Mahaifina tela ne. Shagonsa yana bakin titi a Ƙofar Ran, cikin garin Bauchi, ba nisa da gidanmu, kuma tun ina ƙarama, in an aike ni kai masa abincin rana, abu biyu nake fara ji kafin in hango ƙofar: ƙarar keken ɗinki da muryar rediyo. Rediyon baƙi ne, cikin rigar fata da ta koɗe, yana rataye a ƙusa daidai saman kansa. Eriyarsa ta karye tun ban yi wayo ba, sai Baba ya ɗaura masa siririyar wayar ƙarfe, ya zura ta taga ya maƙale ta a jikin kwanon rufi. Da shi yake fita da safe, da shi yake dawowa bayan magariba, a maƙale a hammata.

Baba bai yi boko ba, ban da ajin yaƙi da jahilci da ya shiga yana saurayi, inda ya koyi haɗa baƙi a hankali da rubuta awon mutane. Ban da Jos da Kano kuma babu garin da ya taɓa takawa. Amma ya san wanda ke mulki a ƙasashen da ni ko sunansu ban iya faɗa ba. Ya san wanda ya hamɓarar da wa, da inda ake fari, da inda kogi ya ci gari. Bayan la'asar dattawan unguwa sukan taru a kan bencin da ke ƙofar shagon, wani ya ce, "Tela, me duniya ke ciki?" Ba ya ɗaga ƙafa daga kan keke. Yana tura shadda ƙarƙashin allura yana ba su labari, ya kawo abin da tashar nan ta ce, ya kawo na waccan, ya nuna musu inda suka saɓa. In gardama ta kaure, shi ake juyowa a kalla.

Inna, mahaifiyata, ba ta ƙaunar rediyon nan ko kaɗan. Sai ta gama tuƙa tuwo ta kwashe ta kai masa da zafinsa, shi kuma ya ɗaga mata yatsa ɗaya, wato ta dakata, ana karanta kanun labarai. Ta tsaya da kwano a hannu tana kallonsa.

"Malam, mutanen nan ba su san an haife ka ba," takan ce. "Kai kuma ka bar tuwo ya huce saboda su."

"Ajiye, ajiye," yakan amsa, kunnensa yana wajen rediyo.

Abu ɗaya take tsayawa ta saurara, sanarwar rasuwa da tashar garinmu ke karantawa, don kada a yi mutuwa a gidan da ta sani ba ta je gaisuwa ba. Da an gama ta koma madafi.

Ba mu san lokacin da jinsa ya fara raguwa ba. Na riga na yi aure, ina zaune a Fadaman Mada, ina koyarwa a wata makarantar firamare, sai in biyo ta gida in na taso. Abin da na fara lura da shi, tun daga bakin lungu nake jiyo rediyon. Maƙwabta suna shan labarai ba tare da sun kunna nasu ba. Daga baya ya sauke shi daga ƙusa ya ajiye a kan teburin keke, dab da kafaɗarsa. Daga nan sai ya fara cewa rediyon ya lalace.

Shaguna kaɗan daga na Baba akwai wani mutumin kudu, Ibo ne, mai sayar da batir da ƙwan lantarki, yana kuma gyaran rediyo. Tun yana matashi ya zo Bauchi, ya yi aure ya hayayyafa a ɗakunan da ke bayan shagonsa. Oga kowa yake ce masa, mu ma haka muka taso muna faɗa. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa. A wajensa Baba yake sayen batir tun kafin a haife ni. Baba ya kai masa rediyon, ya kwance ya goge ya mayar masa. Ba a jima ba Baba ya sake kai shi, Oga ya sa masa sabuwar sifika. Da Baba ya kuma dawowa da shi, sai Oga ya tare ni wata rana ina sauka daga keken haya.

"Anti, zo ka ji," ya ce, ya rage murya duk da Baba yana can cikin shagonsa. "Rediyon Baba lafiyansa ƙalau. Na gwada shi, yana magana kamar sabo. Kunne ne. Ni ba zan iya gaya masa ba. Ku kai shi asibiti."

Mun kai shi, bayan dogon lallashi. Likita ya duba ya ce jijiyar ji ce ta gaji, kuma ba ta dawowa. Yayana da ke aiki a Kaduna ya aiko da ɗan abin nan da ake maƙalawa a kunne don ƙara ji. Baba ya sa shi da murna, har da sabuwar hula. Amma abin ba ya zaɓen abin da zai ƙara wa ƙarfi. Ƙarar cokali a kwano, kukan akuya, babur da ya wuce, duk sai su faɗo masa a ka lokaci ɗaya, muryar mutum kuma ta nutse a cikinsu. In ya kara rediyo sai abin ya kama wani irin fito mai tsini. Ya ce kamar ana suyar ƙosai a cikin kansa. Bai daɗe ba ya cire shi ya jefa a gwangwanin maɓallai.

Ya ci gaba da fita da rediyon a hammata, ya rataye shi a ƙusa, amma ya daina kunnawa. Dattawan benci ba su fasa zuwa ba. Da farko sukan tambaye shi don girmamawa, ya ba su labarin da ya kwana biyu, sai wani a cikinsu ya zaro waya daga aljihu ya ce ai tuni an wuce nan. A lokacin wayoyin hannu sun cika gari, kowa da labarinsa a aljihu. Sannu a hankali suka daina tambaya. Baba ya koyi kallon bakin mutane yana gyaɗa kai, in ya ga an yi dariya shi ma ya murmusa. Akwai ranar da na hango ana ba shi labarin wani maƙwabci da aka kwantar a asibiti, shi kuwa yana murmushi yana gyaɗa kai. Ban ƙarasa shagon ba, na juya na shiga gida.

Sai aka yi wata shekara da hankali ya tashi a gari, aka sa dokar hana fita. Da yamma aka sanar a rediyo, saƙo kuma ya yi ta yawo a wayoyi. A gidanmu babu wanda ya ji. Rediyo yana kashe, wayar Inna kuma ƙarama ce, ta amsa kira kawai. Maƙwabta ba su shigo sun faɗa ba, don babu wanda ya taɓa tunanin akwai labarin da za a kai gidan Tela. A masallacin lungu da asuba an yi maganar, Baba yana zaune a cikinsu yana gyaɗa kai. Da gari ya waye ya sha koko, ya ɗauki makullinsa da rediyonsa ya fita.

Na kira Inna da safen don in ji yadda suka kwana, na ce kada kowa ya leƙa waje.

"Ai Malam ya fita," ta ce. "Me ya faru?"

Na gaya mata an sa dokar hana fita. Babu abin hawa a titi, babu yadda zan yi in zo daga Fadaman Mada. Lambar Oga ce ta faɗo mini a rai. Na san a irin wannan rana mutum irinsa ya fi kowa dalilin kulle ƙofa, kuma da ya ɗauka cikin raɗa yake magana, ina jiyo kukan jikarsa a bayansa. Na gaya masa. Ya ce, "Bari na leƙa."

Abin da ya biyo baya daga bakinsa na ji. Ya ce da ya ɗan buɗe ƙofa sai ya hango Baba yana tafe a tsakiyar titi shi kaɗai, yana waige-waige, yana mamakin shagunan da ke rufe. Jami'an tsaro suna bayansa suna daka masa tsawa ya tsaya, shi kuwa yana ta tafiyarsa. Ɗaya ya biyo shi da gudu ya finciko rigarsa ta baya. Hularsa ta faɗi. Suka zaunar da shi a ƙasa a bakin kwata suna tambayarsa, shi yana kallon bakinsu yana gyaɗa kai, abin da ya ƙara fusata su. Oga ya fito da hannuwansa a sama, ko takalmi bai tsaya sawa ba.

"Kurma ne," ya ce musu. "Ba ya ji. Babana ne, shagonsa ga shi can."

Ranar aka fara kiran Baba da wannan kalma. Mu a gida "jinsa ya yi nauyi" muke cewa. Suka ƙyale shi. Oga ya ɗauko masa hula ya kakkaɓe, ya riƙo hannunsa har ƙofar gida, ya koma da sauri wajen iyalinsa.

Inna ta ce Baba bai ci komai ba ranar. Ya zauna a zaure da ƙasa a bayan rigarsa, ya hana ta kakkaɓe masa. Can da yamma ya ce mata, "Duk garin nan kowa ya sani, har yara. Ni kaɗai ne ban sani ba."

Washegari da sassafe Inna ta ɗauko rediyon ta ajiye a gabansa, ta nuna abin murɗawa, ta nuna kunnenta. Ya gane nufinta. Sannan ya kunna, ya murɗa mata tasha, don ya san mazaunin kowacce da ido. Ta ɗauka ta kai madafi ta jingine shi a jikin tulu, tana suyar masa tana saurare. Da aka gama ta goge hannu, ta zo ta durƙusa ta gefen kunnensa na dama, wanda a lokacin da ɗan saura, ta kare baki da tafin hannu.

Na sha tarar da su a haka, kuma tunda ita ɗaga murya take yi, shi ma bai san ƙarfin tasa muryar ba, har maƙwabta suna ji.

"An ce ruwa ya yi ɓarna a wata ƙasa."

"Wace ƙasa?"

"Wata mai nisa."

"Ai duk suna da nisa. Sunanta fa?"

"Da 'ba' ya fara, ko da 'ma'. Da sauri suka faɗa."

"To, zaɓen can fa, yaya aka ƙare?"

"Sun yi. Wani ya ci."

Sai Baba ya dafe kai da hannu biyu. Ita kuma ta tashi ta ce in ba ya so ta daina, tana da aikin yi. Amma gobe ta sake ɗaukar rediyon.

A hankali ta gane kan abin. Ta fara riƙe sunaye, ko da ta karkace su, shi kuma ya cinka ya gyara mata. Ta san wace tasha ce ke fara kawo labari, wacce ce ke jan magana. Da kunnen dama ya ƙarasa tafiya, sai ta koma hannu. Babu wanda ya koya mata. In ta ɗora tafin hannu can sama da kanta, shugaban ƙasa ke nan. In ta kife shi, an sauke shi. Ƙasar Makka tana nuna gabas, ƙasashen Turawa tana shafa bayan hannu ta rungume kafaɗu kamar mai jin sanyi. Akwai wasu alamun da yawa da su biyu kaɗai suka sani. Sai in shigo in same su a tsakar gida a kan tabarma ɗaya, tana ta sarrafa hannu, yana jefo tambaya, wani lokaci har da musu. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin sun zauna suna fuskantar juna haka ba.

Sanarwar rasuwa kuwa ita take zaɓar lokacin faɗa masa. In abokinsa ne, sai ta bari ya gama cin abinci, ta kawo masa ruwan wanke hannu, sannan ta nuna unguwar, ta kwatanta mutumin da tafiyarsa ko gemunsa, ta kwantar da tafin hannu a hankali.

Abin ya kama ta ita ma. Wata safiya na same ta a gaban tanda, masa tana ƙonewa, hawaye yana zuba a fuskarta. Na tsorata, na ɗauka a dangi aka yi rashi. Ashe girgizar ƙasa aka yi a wata ƙasa, ana ba da labarin jaririn da aka tono da rai daga ƙarƙashin gini, uwarsa kuwa ba ta yi rai ba. Na buɗe baki zan yi magana, ta ɗaga mini yatsa ɗaya. Sai da aka gama ta share fuska da bakin zane.

"Ashe irin abin da Malam yake ɗauka ke nan kullum," ta ce. "Shekara da shekaru, shi kaɗai."

Sun yi 'yan shekaru a haka. Baba ya ɗan dawo da kuzarinsa. Yakan je benci da labarin safiya, ko da an riga shi, ya faɗi nasa ra'ayin da ƙarfi ba tare da ya ji abin da aka mayar masa ba.

A wata damina Inna ta kwanta. Zazzaɓi ne da muka ɗauka na kwana biyu ne, sai ya zarce, muka kai ta asibiti, ba ta dawo gida da ƙafarta ba. Da hantsi ta cika. Yayana ya aika da sanarwa gidan rediyo, aka kai Inna makwancinta bayan azahar. Gida ya cika da mata, zaure da ƙofar gida sun cika da maza. Ana cikin haka aka ce Baba yana kirana a ɗakinsa. Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Na same shi zaune a bakin gado da rediyon a cinya.

"Uwata, an kai sanarwa?"

Na gyaɗa kai.

"Bayan la'asar suke karantawa. Zauna. In sun zo kanta ki taɓa ni."

Ya kunna, ya murɗa tashar garinmu, ya ƙure murya. Aka karanta ta wani dattijo, aka karanta ta wata yarinya. Da mai karatu ya ambaci Ƙofar Ran sai na taɓa gwiwarsa. Ya ɗaga rediyon da hannu biyu ya manna fuskarsa a muƙamuƙinsa, ya rufe ido. Ina jin ana faɗin sunan Inna, da na 'ya'yan da ta bari, da inda ake zaman makoki, shi kuma yana jin rawar ƙarfen a ƙashin fuskarsa. Da aka wuce zuwa ta gaba na sake taɓa shi.

"Sun faɗi unguwa?"

Na gyaɗa kai.

"Sun ce matar Tela?"

Na sake gyaɗawa.

Ya kashe rediyon, ya buɗe bayansa ya zare batiran ya miƙo mini. "Ki sa a tocila," ya ce. "Da sauran ƙarfinsu."

Bayan an watse muka rasa yadda za mu yi da shi. Yayana ya sayo masa babbar waya mai faɗin fuska, ya ce ta nan zai riƙa ganin jikokinsa, ya kuma karanta labarai. Mukan kira Kaduna a bidiyo, yara su cika fuskar wayar suna tsalle, bakinsu yana motsi, hoto ya tsaya cak ya sake tafiya. Baba ya ɗaga musu hannu, ya sa musu albarka, ya miƙo mini. Na gwada rubuta masa kanun labarai da manyan baƙaƙe. Yakan bi da yatsa yana haɗawa, idonsa kuwa allura ta riga ta cinye shi. Kafin ya kai ƙarshen layi ya gaji, in ya kai kuma sai ya ce, "Sai aka yi yaya?" Ni kuma iyakar abin da na sani ke nan.

Wani lokaci ina zaune kusa da shi ina duba tawa wayar, sai in ɗago in ga yana kallona.

"Me aka ce?"

Sai in duba abin da na daɗe ina bi da yatsa. Wata tana koya girki, wasu da ban sani ba suna zagin juna, hoton mota da ta kife ba a faɗi inda ba, tallar atamfa. In rasa guda ɗaya da zan iya ɗauka in ba shi a matsayin labari.

Na gwada alamun Inna. Wata rana ina son in gaya masa an sauya wani shugaba, na ɗaga hannu sama. Ya yi dariya ya ce wannan ai tsadar kaya ce, ta shugaba tafin hannu a kwance yake. Dariyar ba ta daɗe ba.

"Bar shi, Uwata," ya ce. "Wannan yarenta ne."

A ranar ne ya gaya mini abin da ban taɓa kawowa a raina ba. Ya ce, "Kin san abin da na fi rasawa? A yi mini magana a natse. Tun da kunnen nan ya tafi, duk wanda zai yi mini magana sai ya ɗaure fuska ya wage baki kamar mai faɗa da ni. Mutanen rediyo ko yaƙi suke faɗa, a natse suke faɗarsa. Innarki ma da hannun a natse take yi." Daga nan na daina ɗaga masa murya. In ina da magana sai in zauna in fuskance shi in faɗa kamar yana ji. Wani abin ya kama a leɓena, wani ya wuce shi, bai damu ba.

Ido ya hana shi ɗinki, aka ba wani tela hayar shagon. Yini ya yi masa tsawo. Ƙanensa ya zo ya tafi da shi ƙauyen Zungur lokacin girbi, ya yi 'yan makonni. Da ya dawo ya ce a can bai ji kansa kurma sosai ba, don a gona kowa shiru yake, kowa ya sunkuya. Amma ya ƙi zama. Ya ce bai san kowa a titinsu ba.

Sai ya fara zuwa shagon Oga. Shi ma sana'arsa ta sauya, caja yake sayarwa da rigar waya da abin sawa a kunne, tsofaffin rediyoyin da aka kawo gyara ba a dawo karɓa ba suna jibge a saman kanta. Ya ajiye wa Baba kujerar roba a inuwa. Ya koya masa wasan diraf, irin darar nan ta kan allo, da murafen kwalba, Baba ya kama da wuri, yana buga murfi da ƙarfi har allon ya yi tsalle. In babu wasa sai su zauna suna kallon titi. Baba ya koyi karanta titin. In ya ga mutane da jarkoki ya san mai ya yi wuya. In ya ga mata sun yi ayari da safe sun nufi lungu ɗaya, sai ya tashi ya bi maza ya je gaisuwa. Ba kullum yake dacewa ba. Akwai ranar da ya shigo gida da sauri ya ce mini lalle an yi juyin mulki, ya ga mutane sun yi cincirindo a kan waya ɗaya suna riƙe kai. Ashe ƙwallo ce aka ci. Ya yi dariyar kansa, amma daga ranar ban ƙara jin ya yi hasashen wani babban abu ba. Tambayarsa ta koma kan wa ya haihu, wa ya tashi daga haya, yaushe za a gyara kwatar lungu.

Shekaru suka ja, Oga ma ya tsufa. 'Ya'yansa suka gina masa gida a garinsu, matarsa kuma ba ta da lafiya, ya ce zai koma. Baba ya sa na raka shi tsohon shagonsa, ya roƙi aron kekensa na yini ɗaya. Ni nake zura masa zare. Ya ɗinka wa Oga kaftani ba tare da ya auna shi ba, ya ce ya san jikinsa. Wuyan ya ɗan karkace, aljihu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Da shi Oga ya shiga mota ranar tafiya. Ya leƙo ta taga ya kara hannu a kunne.

"Baba, zan dinga kiranka."

Baba ya gane alamar, ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi.

Amma ya kira. Duk Lahadi in ya dawo daga coci sai wayata ta yi ƙara, ni kuma na mayar da Lahadi ranar yini a gida. Sai in buɗe murya yadda kowa zai ji, in sa wa Baba wayar a hannu. Baba ya fara da ƙarfi, yana ba shi labarin wanda ya kama shagonsa, da ruwan da aka yi, da wanda ya rasu. Oga kuma a daidai lokacin yana faɗin nasa, doyar da ya shuka, gwiwarsa da ke damunsa, yadda yake marmarin masa da miyar taushe. Babu mai jiran wani. Ni ce a tsakiya nake jin duka biyun. Wani lokaci sai su dace, Oga yana gama maganar gwiwa Baba ya ce, "Ƙafar fa, da sauƙi?" In Oga ya gaji sai in yi wa Baba alama, ya ce, "To, a gai da Madam," wato matar Oga, ya miƙo mini.

Baba ya rasu da bazara, ana tsananin zafi, bayan ya yi sallar azahar ya kishingiɗa. Cikin hidimar mutane babu wanda ya tuna da Oga, har ni. Ranar Lahadi ina zaune cikin masu gaisuwa wayata ta yi ƙara. Oga ne. Na tashi na shiga madafi.

"Anti, yaya gida? Ba Baba waya."

Na gaya masa. Ina jiyo kukan kaji a bayansa da muryar wata mata tana magana da yarensu. Ya tambaye ni ko ya sha wahala, na ce a'a. Ya tambayi inda aka binne shi, na ce kusa da Inna aka samu wuri. Ya ce Allah ya ji ƙansa, yadda ya ji muna faɗa.

"A nan ba mai jin Hausa," ya ce. "Da Baba kaɗai nake yi."

Na ce ya riƙa kirana, ni ma ai ina ji. Ya ce to. Ya kira Lahadin da ta biyo, da wasu bayanta. Mukan gaisa, ya tambayi maigidana da yara, in tambayi Madam da gwiwa, sai mu yi shiru kowa yana jiran ɗan'uwansa ya yi magana. Daga baya kiran ya koma sai da salla, ni kuma in kira shi da Kirsimeti. Bara da na kira, 'yarsa ce ta ɗauka, ta ce yana barci, jikin sai a hankali, za ta gaya masa in ya tashi.